Yoyon fayif ɗin mai a ƙarƙashin ƙasa: yaya ake saka na'urar gano shi, yaya ake gwada ta?

Manajan_Gidan_Mai

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san aikin gidan mai ta ɓangaren tanki da fayif ku taimaka min da shawara. Ni nake riƙe da gidan man baffana, tsohon gida ne, tanki huɗu, uku na fetur ɗaya na gas wato dizal, kuma fayif ɗin da ke ƙasa duk irin na ƙarfen nan ne da ake ɗaurawa da tiredi, tun gina gidan ba a taɓa tono shi ba. Shoteji ya riƙa fitowa a tanki ɗaya, aka zargi yaran fanfo, aka kira mai gyaran mita ya duba yace mita lafiyarta lau, ƙarshe dai da aka fasa kankare sai ga ƙasar wajen wata gwiwar fayif ta jiƙe sharkaf tana warin fetur. Yanzu Alhaji, wato baffan nawa, ya yarda a cire duka a sa sabo.

To ɗan kwangilar ya kawo kotashin, a ciki akwai fayif na roba mai riɓi biyu, da sumo, wato fanfon da ake nutsawa cikin mai, a kowane tanki maimakon fanfunanmu masu zuƙo mai, da akwatunan roba da yake kira samp a kan tanki da ƙarƙashin kowane disfensa, da sensa a cikin kowane samp, da wata na'ura da ake ɗaurawa a kan sumo wai ita ke gano yoyo. Kuɗin yayi yawa gsky, Alhaji yace a cire sensa da waccan na'urar tunda fayif ɗin sabo ne me zai sa yayi yoyo. Ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda nasan abin da muka yi asara kafin mu gane, kuma akwai gidajen mutane a bayanmu masu shan ruwan rijiya.

Abin da nake son sani shine wanne ne dole a ciki wanne za a iya bari, sannan ta yaya zan san aikin yayi kyau kafin a rufe shi, don mutumin yana ta saurin a zuba kankare mako mai zuwa yana cewa kayan masu kyau ne basa buƙatar wani dogon gwaji. Kuma bayan an gama ta yaya ake sanin na'urorin suna aiki ba kwalliya kawai ba? Nagode.

Injiniya_Tanki_da_Fayif

Wa alaikumussalam Manaja. Abu na farko, kar ka bari a zuba ko kwano ɗaya na kankare sai an yi gwaji a gabanka, ka tsaya a kan wannan ko da za a ɓata da kai. Fayif sabo ba a tsakiyarsa yake yoyo ba, a mahaɗa yake yi, wajen da aka yi waldar lantarki ta roba ko wajen da roba ta haɗu da ƙarfe ko inda fayif ya huda bangon samp, kuma duk waɗannan hannun mutum ne yake yinsu a cikin rana da ƙura. Ko fayif ɗin samfurin UPP ne ko KPS ko NUPI, idan ba a kankare bakin fayif ɗin ba kafin walda, ko an taɓa shi da hannu mai maiƙo, ko an motsa shi kafin ya huce, mahaɗar zata iya kamawa a ido amma bata kama ba.

Ka fahimtar da Alhaji cewa komawa sumo yana canza komai. Fanfon da kuke da shi yanzu zuƙo mai yake daga sama, idan fayif ya huje galibi iska yake ja sai kaga fanfo yana tari yana yankewa. Sumo kuwa daga cikin tanki yake turo mai, layin yana ɗauke da firesha, wato matsi, kusan psi 30 (psi ma'aunin firesha ne) duk lokacin da ake sayarwa, to idan akwai huji tura man yake cikin ƙasa da ƙarfi kuma disfensa bazata nuna maka komai ba, mota na shan mai ƙasa ma na sha. Shi yasa sumo babu waccan na'urar ta kansa ganganci ne, ita ce ma ƙarshen abin da za a cire a kotashin ɗin.

Yadda take aiki, irin ta inji wadda bata buƙatar waya ko wuta kamar FX1V ta Red Jacket ko STP-MLD ta FE Petro: idan sumo ya tashi bata buɗe hanya gaba ɗaya, ɗan mai kaɗan take sakewa cikin layi tukunna, idan layin a toshe yake ko'ina firesha zai hau cikin daƙiƙa biyu zuwa uku sai ta buɗe sosai. Idan man yana zurarewa ta wani waje firesha bazai hau ba sai ta maƙale, mai ya riƙa fitowa a nozul a hankali, wannan jan jikin shine ƙararrawarta. Ma'aunin da ake ƙera su a kai na hukumar muhalli ta Amurka ne wato EPA, dole ta kama yoyon galan 3 a awa a firesha psi 10, wajen lita 11 kenan a awa. Kaga kenan babban yoyo take kamawa, ƙaramin da bai kai haka ba zai wuce ta. Ta lantarki wadda ake haɗawa da allon lura irin TLS na Veeder-Root tana kama galan 3 ɗin ta kashe sumo da kanta, kuma idan gidan yayi shiru tana gwada galan 0.2 da 0.1 a awa. Ka lissafa galan 0.2 a awa, wajen lita 18 ne a yini idan layin na ɗauke da firesha, a wata ya haura lita 500, ka buga da kuɗin lita na yanzu tun bayan cire tallafi a 2023 ka kai wa Alhaji.

Shi kuma fayif mai riɓi biyu amfaninsa na ciki ke ɗaukar mai, na waje riga ce, idan na ciki ya huje man zai bi tsakaninsu ya gangara samp inda sensa take. Amma sai an shimfiɗa shi da gangara zuwa wajen tanki, a ƙalla kashi 1 cikin 100, wato santimita 1 a kowace mita, ba tare da wani waje ya lotsa ya zama kwari ba. Ka sa a duba da lebul a gabanka, kuma a shimfiɗa masa yashi mai laushi ko tsakuwa ƙanana masu santsi, ba ɓaraguzan kankaren da aka fasa ba. Riɓi biyu babu sensa kuwa kuɗi ne aka binne kawai, man zai taru a samp babu wanda ya sani sai ya cika ya malala.

Gwajin kafin binnewa kuma, a raba layin da tanki da disfensa a toshe bakunansa tukunna, wannan muhimmi ne saboda tanki baya ɗaukar fiye da psi 5, idan fireshan layi ya shiga tanki zai iya fasa shi. Fayif na ciki a ba shi psi 50, wajen 3.5 a ma'aunin bar, na waje kaɗan ake ba shi, da yawa psi 5 ne amma a bi takardar kamfanin da ya ƙera shi. A bar shi ya ɗan zauna don zafin rana na motsa geji, sannan a riƙe a ƙalla awa ɗaya ana bin kowace mahaɗa da ruwan sabulu ana neman kumfa. Gejin ya zama mai ƙaramin sikeli, kar a kawo na psi 300 a gwada psi 5 da shi, allurar ma bazata nuna faɗuwa ba. Sannan kar a sauke fireshan, a bar gejin a jiki har a gama cike rami da dandaƙa ƙasa da zuba kankare, saboda a nan ne leburori ke huda fayif da diga ko da ƙarfen da ake kafawa na shata, idan allura ta faɗi ka san a ranar aka yi ɓarnar kuma ka san wajen.

Samp ɗin ma gwada shi ake da ruwa, a cika har ya haura mafi tsayin hujin da fayif ko waya suka shiga da inci 4, wato santimita 10, a yi alama a jira awa ɗaya, idan ya sauka inci ɗaya bisa takwas, wajen milimita 3, ya faɗi.

Sai abin da nafi ganin ana mantawa. Lokacin gwada fayif na waje ana rufe bakinsa a cikin samp da wata robar matsewa, to bayan gwaji dole a ja ta baya ko a buɗe ɗan bawul ɗinta a juya shi ƙasa. Idan aka bar ta a rufe ko na ciki ya fashe man bazai taɓa isa samp ba, sensa na zaune a bushe allo na nuna komai lafiya. Ranar miƙa aiki ka leƙa kowane samp da tocila mara haɗari ka gani da idonka.

Hajiya_Mai_Fetur

Ɗana Manaja, Injiniya ya gama maka bayanin saka kaya, ni zan gaya maka abin da ke biyo baya don ina da gidan mai mai irin waɗannan kayan kuma matsalar ba daga ƙarfe take ba daga mutane take. Damina na sauka ruwa zai fara shiga samp ta murfi ko ta fayif ɗin waya, sensa ta fara ƙara, yara su gaji da ƙarar su danna maɓallin shiru, in ta dame su sai wani mai wayo a cikinsu ya ɗaga sensar ya rataye ta sama da waya don kar ruwa ya taɓa ta, shikenan fa an kashe aikin gaba ɗaya. Sensa a tsaye take zama a can ƙasan samp wajen da yafi zurfi, duk wata sai ka buɗe da kanka ka gani. In da hali ku sayi irin wadda ke bambance ruwa da mai, tafi tsada amma zata gaya maka wanne ne ya shigo, kuma ku kashe kuɗi a kan murfi mai roba mai kyau, a ɗan ɗaga kankaren bakin ramin yadda ruwan sama zai kauce. Ruwan da kuka kwashe daga samp in yana da ƙyallin mai kar a watsa shi kwata.

Waccan ta kan sumo kuma ka shirya da ita lokacin hunturu. Da asuba man da ya kwana a layi ya yi sanyi ya tsuke, firesha ya faɗi, yaro ya ɗaga nozul ya matsa nan take kafin na'urar ta gama dubawa sai ta ɗauka yoyo ne ta rage gudu, masu babura na ta hon, daga nan za a ce maka ta lalace a cire ta. Ba lalacewa tayi ba. A koya musu su mayar da nozul, su sake ɗagawa su ɗan jira kaɗan kafin su matsa. In anyi haka gudun ya dawo to sanyi ne, in kuwa ya ƙi dawowa ko yana maimaitawa da rana tsaka a rufe layin a kira mai gwaji. Kar ka yarda wani makaniki ya cire ta ya toshe gurbin da fulogi don sayarwa tayi sauri, ana yin haka sosai kuma mai gida baya sani.

Sannan duk na'urar da zaka saka kar ka bar difin, wato auna man cikin tanki da sanda. Safe da dare a daidai lokaci ɗaya, da sandar da ta dace da cat ɗin tankin, wato jadawalin da ke nuna litocinsa, a shafa man nan mai canza launi idan ya taɓa ruwa, a rubuta abin da ya shiga da abin da mita ta fitar. Shotejin yini ɗaya baya nuna komai saboda fetur yana kumbura yana tsukewa da zafi, kusan lita 1 a cikin 1,000 a kowane digiri, tanka mai lita 33,000 da ta sha rana a hanya in man ya huce da digiri 10 a ƙasa zaka ga sama da lita 300 sun ɓace babu wanda ya sata. Abin dubawa shine in kullum ɓangare ɗaya lissafin yake karkata, kuma yana ƙaruwa ranar da aka fi ciniki, to layi ne. In yana tafiya ko an sayar ko ba a sayar ba, ka fi zargin tankin.

Kuma allon nan ka sa masa inbata ko ka haɗa shi da sola, in yana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ko ana canza janareta to dare guda babu mai gadin layinka, ga hawa da saukar wuta na ƙona shi.

dan_kasuwa_zalla

ni dai bari in fadi gsky ko baza aji dadi ba, duk wannan lissafin na galan da psi na turawa ne masu wuta awa 24 da kayan gyara a bayan gida, mu nan sensa daya ta mutu sai an aika Legas ko waje kuma da dala ake saye. malam manaja in gidan naku ba wani babban ciniki yake ba meye dole sai sumo? ku zauna a fanfo mai zuko mai mana amma ayi shi yadda ya kamata, fayif ya gangara zuwa tanki, a cire bawul din nan na gindin fayif dake cikin tanki, a sa bawul daya tak a karkashin fanfon kansa. in akayi haka ko fayif ya huje iska zata shiga man ya koma tanki, bazai tsaya a layi yana tsiyaya cikin kasa ba, kuma da safe fanfo zai ki jan mai da wuri kaga ka gane da matsala. yawancin gidajenmu akasin haka akeyi, bawul yana can kasa cikin tanki yana rike da mai cike da layi dare da rana shi yasa huji kadan ke cin mutane. ni a haka nake kuma hankalina kwance. sai dai in tanki yayi nisa da fanfo to da zafin watan afrilu fetur na zama tururi a layi fanfo ya rika yankewa, wannan kam sumo ya fishi. amma ace dole kowa sai ya sayi allo da sensa goma ban yarda ba, wanda baida halinsu sai ya rufe gidan mai kenan?

Malama_Ruwa_da_Muhalli

Alhaji ɗan kasuwa maganarka ta bawul ɗaya a ƙarƙashin fanfo daidai ce, ko a dokar Amurka ɗin layin da aka yi a haka an ɗauke masa gwajin da ake ɗora wa sauran. Amma Manaja yace akwai rijiyoyi a bayansu kuma an riga an ga ƙasa ta jiƙe da fetur, wannan ne ya tsaya min a rai, don kowa na maganar sabon fayif babu wanda ya tambayi ina man da ya riga ya zuba ya tafi. Baya ɓacewa, gangarawa yake har ya tarar da ruwan ƙasa ya kwanta a kansa, wani ɓangarensa ya narke a ciki, kuma a cikin fetur akwai benzin wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha maikirogiram 10 ne a lita, ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka sama da sau 900 kuma mutane na sha. Can bututun mai ne babba ba gidan mai ba, amma hanyar da man ke bi zuwa rijiya ɗaya ce.

Dan Allah Manaja tunda rami a buɗe yake yanzu a kwashe ƙasar da ta gurɓace kar a mayar da ita a rufe da sabon kankare, a ɗebi ruwan rijiyoyin maƙwabta a kai lab a gwada, in akwai wari ko ƙyalli a gaya musu su daina sha tun yanzu. Kuma a kafa ɗan fayif mai huji-huji a tsaye a kusurwar ramin tankuna da murfi mai makulli, rijiyar dubawa kenan, bata da tsada kuma nan gaba da ita za a riƙa leƙa abin da ke faruwa a ƙasa. Ta ɓangaren hukuma, tun da dokar harkar man fetur ta PIA ta 2021 ta rushe tsohuwar hukumar DPR lasisin gidan mai a hannun hukumar NMDPRA yake, ku je ofishinsu na jiharku kafin a binne komai ku ji abin da suke so su shaida da takardun da zasu nema, malalar mai kuma hukumar NOSDRA mai kula da ita ake sanarwa.

Manajan_Gidan_Mai

Allah ya saka muku da alheri duka, wlh na ƙaru. Na karanta wa Alhaji lissafin lita 500 ɗin nan yayi shiru, yanzu dai ya yarda da na'urar kan sumo da sensa a samp ɗin tankuna, na ƙarƙashin disfensa muke ta ja. Malama maganar rijiya na ɗauka, gobe in sha Allah zan shiga wajen maƙwabtan. Injiniya saura tambaya biyu ranka ya daɗe, layin gas ɗin yanzu Alhaji ya dawo yana so a bar tsohon tunda ba shi ya yi yoyo ba, ɗan kwangila yace zai kawo kwamfiresar mai faci ya busa masa iska mu gani ko yana riƙewa, hakan yayi? Sannan gwajin bayan an fara aiki da na tambaya, yaya ake yinsa?

Injiniya_Tanki_da_Fayif

A'a Manaja, kar a kusanto da kwamfiresa wajen. Gwajin iska na fayif sabo ne wanda mai bai taɓa shiga ba. Layin da ya taɓa ɗaukar mai akwai tururi a ciki, ka matsa masa iska ka haɗa abin fashewa kenan, gas bai kai fetur saurin kamawa ba amma dokar ɗaya ce, ballantana tsohon gida da baka da tabbacin abin da aka taɓa turawa ta layin. Ko dai a yi da naitirojin, ko a gwada shi cike da man da yake ɗauka da na'urar gwajin layi, a kai shi ninki ɗaya da rabi na fireshan aikinsa a auna abin da yake sha, ma'aunin galan 0.1 ne a awa. In ana neman ainihin inda hujin yake ba tare da fasa ko'ina ba ana tura hiliyom a bi saman kankare da na'urar shinshina. Amma ra'ayina tsohon ƙarfen nan shekarunsa ɗaya da wanda ya ruɓe, ƙasa ɗaya suka kwanta, ko ya ci gwaji yau ba a sa masa kariyar tsatsa ba, ga rami a buɗe ga ma'aikata a wajen, canza shi yanzu yafi sauƙi a kan sake fasa sabon kankare.

Samp na ƙarƙashin disfensa kuma kar ku bari, wajen ne yafi ko'ina ɗiga, ga filta ga mita ga yuniyan ga bawul ɗin da ke katsewa idan mota ta bugi disfensa, duk a nan suke, kuma na'urar kan sumo bata kama ɗiga-ɗiga. A Amurka tun 11 ga Afrilu 2016 duk sabon disfensa sai da shi. In kuɗin sensa ne matsala to a sa samp ɗin dai, a bar bakin fayif na waje a buɗe ta ɓangarorin biyu yadda abin da ya taru zai gangara samp ɗin tanki inda sensa take, kuna kuma buɗewa kuna dubawa da ido.

Gwajin bayan fara aiki, na'urar kan sumo ba a gwada ta da kallo ko da jin ƙarar ta, yoyo ake ƙirƙira mata na gaske. Ranar miƙa aiki a fara, bayan an tura mai sosai ta nozul mafi nisa an kore iskar da ke layi, don iska a layi na rikita ta, sannan duk shekara a maimaita. Mai gwajin zai kashe wutar sumo ya sauke firesha, ya ɗaura kayansa a ɗan hujin gwaji da ke jikin bawul ɗin ƙarƙashin disfensa mafi nisa, ya daidaita ɗigar ta zama galan 3 a awa a psi 10 yana aunawa da kofi mai sikeli, wajen mililita 190 ne a minti, sannan a tada sumo. In ta maƙale ta hana cikakken gudu ta ci, in ta buɗe duk da ɗigar ta faɗi a canza ta a ranar. Ta lantarki kuma dole ƙararrawa ta tashi sumo ya mutu. A duba kuma sumo yana mutuwa da gaske idan an ajiye duk nozul, saboda ita ta inji sai sumo ya tsaya firesha ya sauka take sake dubawa, in rilen da ke kunna sumo ya maƙale ko mai wayarin ya haɗa shi kai tsaye yana ta gudu tun safe to bata duba komai ba duk yinin.

Sensa ma ɗaya bayan ɗaya ake ciro su a tsoma a ruwa, mai bambancewa a gwada ta da ruwa da kuma man, wani na tsaye gaban allo yana tabbatar da sunan da ya fito shine na samp ɗin da ake ciki, don ana samun wayoyi sun sarƙe sensar tanki na ɗaya tana fitowa da sunan na uku. Wayoyin sensa su bi nasu fayif daban kar a cusa su tare da wayar wutar sumo, kuma a toshe bakin fayif ɗin wayar da abin toshewa na wuraren mai don tururi kar ya bi ta nan zuwa ofis. Samp a sake masa gwajin ruwa duk shekara uku.

Duk gwajin da aka yi a rubuta lambar geji ta farko da ta ƙarshe da lokaci da sunan layin, mai gwaji ya sa hannu kai ma ka sa, ka ɗauki hoton kowace mahaɗa da yadda fayif ya bi kafin a rufe, ka sa ya zana maka taswirar layukan da awo daga bango. Kuma ka roƙi Alhaji ya riƙe wani kaso na kuɗin kwangilar sai bayan an zuba kankare an sake karanta geji an yi gwajin yoyon nan a gabanku. In ka samu sunan kamfanin fayif ɗin da girman sumo daga kotashin ka turo nan in gaya maka fireshan da ya dace da na wajen.